Kayan Kallon Zuwairatu

Zuwairatu ƙanwata ce, ciki ɗaya, kuma tun muna yara a Zakka na san ta da wani irin taurin kai marar hayaniya. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, amma idan ta ce a'a sai ka nemi wuri ka zauna, don magana ta ƙare. Ni Saude ni ce mai bakin gidanmu, kowa ya shaida, ita kuwa komai a ciki take ajiye shi. Labarin nan a kan kayan kallon da ke zauren gidanta a Batsari ne: talabijin babba, da dikoda, da dish ɗin nan mai kama da faifan ƙarfe da ke kafe a kan rufi, da sola da batirinta. Da su take ci da 'ya'yanta mata uku, kuma su ne ƙanen mijinta ya nemi a sayar a raba bayan mijin ya rasu. Ina wurin rabon daga farko har ƙarshe.

Sai ka san yadda Zuwairatu ta tsani aro kafin ka gane sauran. A ƙauye aro ba abin kunya ba ne. Rariya da turmi da tukunyar biki duk yawo suke yi gida-gida, wani lokaci har a manta mai su. Ita kuwa ko taɓaryarmu ce ta tsage, gara ta ɗaure ta da tsumma ta yi daka a haka da ta leƙa maƙwabta. Da aka zo aurenta, Inna ta shirya ta aro kwanuka a wajen ƙawayenta a cika mata jere, idan baƙi sun watse a mayar a ɓoye, kamar yadda gidaje da yawa suke yi. Zuwairatu ta ce ko ƙwarya ɗaya ba za a shigar mata ɗaki ba in ba tata ba ce. Inna ta yi faɗa, ni ma na yi nawa, na ce za ta sa dangin ango su raina mu. Haka aka kai ta Runka da ɗaki rabinsa fili, tana zaune a tsakiya hankalinta kwance.

Mijin nata, Mati, manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, kuma sanyin halinsa har ya yi yawa. Bai iya cewa a'a ba. Idan mutum biyu suka yi gardama a gabansa, kowa zai tashi yana ganin Mati na bayansa. Na sha ce masa ko akuya ce ta roƙe shi gona zai yanka mata, shi kuwa saboda ni yayar matarsa ce sai ya sunkuyar da kai ya yi dariya. Sun zauna lafiya. Ita ta riƙe gida da ƙarfi, shi ya riƙe ta da lallashi, har suka haifi 'ya'yansu, ta farin ita ce Ni'ima.

Sannan ɓarayin daji suka hana kowa sakat. Suka kore shanun huɗar Mati, suka cinna wa rumbunansa wuta. Wata safiya sai ga su a ƙofar gidana a Batsari, inda nake aure, a bayan a-kori-kura, da yara da tabarmi da babur ɗin Mati a ɗaure a gefe. Muka samar musu gidan haya kusa da mu, tsohon gida amma mai babban zaure. Wannan hayar kam Zuwairatu ta haɗiye ta don ba yadda za ta yi. Mati ya gwada kabu-kabu, sai dai hanyoyin da ke da kuɗi su ne hanyoyin da ake tare mutane. Manomi ba gona, ya wuni a zaure yana sauraron rediyo, har ya fara ramewa.

Shi ne ya kawo shawarar gidan kallo. Garin ya cika da masu gudun hijira marasa abin yi da yamma, samari kuma a kan ƙwallo ko abinci suna iya haƙura. Ya je ya ga Armaya'u, wani mai haɗa dish da ke da shago kusa da tasha, ya dawo da hanya biyu: ko a sayi kayan gaba ɗaya, ko Armaya'u ya ba da su haya. A gabana suka yi gardamar da Zuwairatu, ina taya ta gyaran wake.

"Yaya, ki duba mani," in ji Mati. "In muka saya, duk abin da ke hannunmu ya tahi, kuma ranar da batir ya mutu sai mu zauna muna kallon juna. In haya ce, ɗan kafin alƙalami za mu ba shi, sannan duk Alhamis mu kai mashi nashi. Gyara a wuyanshi shike. Kuma in wani gudun ya sake tasowa, wa zai tsaya kwance dish?"

Zuwairatu ba ta ɗago daga faifanta ba. "Mi zai rage maka bayan shekara, Baban Ni'ima? Ka yi ta kai mashi kuɗɗi, kaya na nan nashi. Makon da ba a samu ba shi zo shi kwance a gaban mutane. Hayar gidan ga ta ishe ni. Ba ni ƙara wata."

Gaskiya kowa da hujjarsa, amma ni bayan ƙanwata na bi, kuma da ƙarfi, don ni ban iya bin bayan mutum a hankali ba. Mati ya tambaya to da me za a saya. Sai ta ce da saniyarta. Saniya ce da ta gada wajen Inna, tana kiwo a hannun yayanmu a Zakka, kuma Allah Ya tsare ta daga sata. Ita kaɗai ce abin da ya rage wa Zuwairatu a duniya. Aka kawo ta da maraƙinta kasuwar Batsari aka sayar. Da idona na ga ta ƙulle kuɗin a ɗankwali ta miƙa wa mijinta. Ta ce, "Ga shi, a saya. Kayana ne, kai ka riƙe."

A cikin kwanakin nan ne wani tashin hankalin ya faɗo. Nurain, ƙanen Mati, wanda shi ma ya dawo Batsari da iyalinsa, ya hau babur zai leƙa gona a Runka, aka tare shi a hanya aka shiga daji da shi. Dangi suka yi ta karo-karon kuɗin fansa, wannan ya kawo tunkiya, wancan ya kawo buhu. Mati ne ya kawo kaso mafi tsoka, ya ce gonarsa ta Runka ya jinginar. Nurain ya dawo bayan 'yan makonni, ƙafafu a kumbure, ba ya son magana. Kafin ya dawo ma Armaya'u ya riga ya zo ya kafa dish, ya ja waya, hoto ya fito tar a zaure.

Harka ta karɓu fiye da yadda muka zata. Da yamma maza su cika zaure, Mati yana bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, rabin yaran unguwa kuma suna shiga kyauta don bai iya korar kowa ba. Da rana, lokacin da maza suka fita, Zuwairatu ta buɗe wa mata, su kalli fim, da azumi su saurari tafsiri. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo ɗan gwangwanin hatsi. Ga cajin waya, ga awara da zoɓo da take yi ana saye. Yaran suka shiga makaranta, Mati ya mayar da jikinsa. Ita kuwa ta samu abin da za ta ɗaga kai da shi a garin da ta shigo a bayan mota kamar kaya. Idan wata baƙuwa ta tambaya ko na gwamnati ne, sai ta ce, "Nawa ne. Saniyata ce wagga kike kallo."

Sau biyu batir yana mutuwa, Armaya'u ya zo ya sauya, bai karɓi ko sisi ba. Wata damina tsawa ta ƙone dikoda, washegari ya kawo wata. Mati ya ce ai haka ciniki yake, kayan suna da garanti. Ni har addu'a na riƙa yi wa Armaya'u, ina cewa irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan. Duk Alhamis, ranar kasuwa, Mati yakan wuce shagonsa, ya ce zai biya kuɗin tashoshi, kuma ba wanda ya ga abin tambaya a ciki.

Haka shekaru suka ɗan ja, har ranar da Mati ya dawo daga sallar la'asar yana cewa kansa na sarawa. Ya kwanta, ɓarin jikinsa ya mutu, kafin a kai shi Katsina rai ya yi halinsa. Mutuwar ta girgiza unguwa, don ba wanda ya taɓa jin Mati ya ɓata wa wani.

Zuwairatu ta shiga takaba. Bayan an share makoki, Nurain ya riƙa zama a bakin zaure da yamma yana karɓar kuɗin shiga yana miƙa mata. A nan ya ga abin da kayan ke kawowa. Ba zan ce mugu ba ne. Yana da yara, ba shi da gona, tun da ya fito daga daji kuma bai sake zama daidai ba. Amma da yake Mati bai bar ɗa namiji ba, ɗan'uwa yana da kaso a gado, kuma abin da Mati ya bari bai taka kara ya karya ba: babur, da 'yan buhunan dawa, da gonar da ba mai iya zuwa. Nurain ya ce a sa kayan kallo a ciki, a yi musu kuɗi, a sayar a raba. Da na ji, sai da na tashi tsaye. In aka raba kayan nan, kowa zai tashi da ɗan abin da ba zai kai wata biyu ba, yaran kuma su koma ba ci ba karatu.

Aka sa ranar zama da hantsi. Malam Sharhabilu, mai Islamiyyar unguwarmu, shi ne mai rabon. Maza suka zauna a zaure a ƙarƙashin talabijin ɗin, an rufe ta da zane. Ni da Zuwairatu muna daga ciki, bayan asabari. Aka yi gaisuwa, aka yi wa mamaci addu'a, Malam ya fara tambayar abin da aka bari. Da aka zo kan gona, Nurain ya ce tana jingine. Malam ya ce a hannun wa. Aka kalli juna, ba wanda ya sani. Malam ya ce a ajiye wannan tukuna. Da aka zo kan kayan kallo, Zuwairatu ta yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, waɗannan ba na gado ba ne. Nawa ne. Saniyata aka sayar aka saye su."

"Matar Yaya," in ji Nurain, "ni a hannun Yaya na san su. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa."

Ban jira an ba ni izini ba. Na ce a gabana aka ba da kuɗin, har launin ɗankwalin zan iya faɗa, kuma wanda yake jin kunya ba zai zo yana lissafin abincin marayu ba tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Malam ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malama Saude, kin ga an ba da kuɗi. Kin ga an saya? Kin ji da sunan wa aka yi cinikin?" Na ce ban gani ba. Ya ce abu mai sauƙi ne, tunda mai sayarwa yana da rai, a kira shi.

"A kira shi," in ji Zuwairatu, har da sauri. "Shi ne shaidata."

Armaya'u ya zo da ƙurar aiki a hannunsa. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya yi ta'aziyya, ya juyo wajen asabari ya gaishe mu da haƙuri. Na lura gaisuwar tasa ta yi tsawo, kamar ba ya son ta ƙare. Malam ya ce masa ya ji tsoron Allah ya faɗi wanda ya sayar wa kayan nan, Mati ko matarsa.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ban sayar ma kowa ba. Kayan nawa ne. Haya marigayi ya ɗauka."

Na juya na kalli Zuwairatu. Bakinta a buɗe yake kaɗan, hannunta yana kan carbi, bai motsa ba. Ni ce na fara magana, na ce ƙarya ne, mutum ya ga mai kaya ya mutu shi ne zai zo ya haɗiye. Armaya'u bai yi fushi ba. Ya ce maƙwabtan shagonsa duka sun san Mati na zuwa duk Alhamis ya biya, a tambaye su. Ya ce da sayarwa ya yi, wane ɗan kasuwa ne zai sauya batir har sau biyu kyauta.

Muryar Zuwairatu ta fito a hankali. "To kuɗɗin saniyata fa?"

"Maman Ni'ima, da su ya zo," in ji Armaya'u. "Wallahi da niyyar saye ya zo. Mun gama ciniki, shina kwance ɗankwali, sai wayarshi ta yi ƙara. Mutanen daji ne. Suka ce in kuɗɗi ba su cika ba kafin Juma'a, kada a sake neman Nurain. Ya zauna a bencina ya riƙe kai. Can ya ce mani, Armaya'u, ka ba ni kayan ga haya, kuma kada wanda ya ji. In na samu sarari zan saye su, ba ta ma sani ba."

Malam ya ce, "Gonar da aka ce an jinginar fa?"

"Allah gafarta Malam, wa zai karɓi jinginar gona a Runka a wannan lokaci? Ko kyauta aka ba mutum ba ya iya zuwa."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don gaskiya ce tsirara, kuma dukanmu manoma ne, 'ya'yan manoma, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunaninta. Ta cikin asabari na hango Nurain. Ya cire hularsa ya riƙe, yana kallon ƙasa. Mutumin da ya zo a sayar da kayan matar yayansa, yanzu ya ji da saniyar matar aka sayo ransa. Daga baya sai kawai ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya kifa kai a gwiwa.

Ni dai zuciyata ba ta huce ba, sai na juya kan Armaya'u. Na ce duk Alhamis ɗin nan da aka yi ta kai masa, ai ya ci kuɗin kayan ya ninka, in yana da imani ya bar wa marayu. Ya ce ba zai musa ba, ya samu. Amma batir biyu da dikoda daga aljihunsa suka fita, shi ma kuma a wajen wani ɗan kasuwa a Katsina yake ɗauko kaya, yana biya kaɗan-kaɗan. Ya ce sau biyu Mati yana tara kuɗi ya zo zai saya, sau biyu yana ishe farashi ya tashi ya bar shi a baya. Na ƙarshen ma, da ya ji sabon kuɗin batir, dariya kawai ya yi ya mayar da kuɗinsa aljihu. Tun da ya rasu kuma ba a kai ko kwabo ba, shi Armaya'u ya yi shiru ne saboda kunyar takaba.

Malam Sharhabilu ya yanke magana. Kayan kallo ba na Mati ba ne, don haka ba sa cikin gado. Ba na Zuwairatu ba ne, don ba a saya ba. Na mai su ne. Kuɗin saniya kuwa bashi ne a kan mamaci, sai an fitar da shi kafin a raba komai, sai fa in mai shi ta yafe. Wani dattijo ya ce ko an sayar da babur da dawar duka, a farashin yau ba za su sayi rabin kayan nan ba. Malam ya juyo wajenmu ya ce, "Baiwar Allah, me kika ce?"

Na taɓa ta. Sannan ta ce, "Kuɗɗin na yahe mashi, kada su tsare shi a kabari. Da ya tambaye ni, da hannuna zan ba shi, rai ne. Amma ya bar ni shekara da shekaru ina gaya ma mata kayana ne, shina ji, shina murmushi. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba tukuna."

Nurain ya ɗago, ido jajir. Ya ce ya janye, ba ya son komai a gadon, kuma hayar ta dawo wuyansa, shi zai riƙa biya duk mako ko da dako zai yi. Na ji daɗi a raina, na ce to ga mafita. Sai Zuwairatu ta ce a'a. Irin a'ar nan tata. "Ka ci da ɗiyanka, Nurain. Ba ni zama ina jiran Alhamis ɗin wani." Na tsunkule ta, na raɗa mata ko ta haukace ne, da me yaran za su ci. Ko kallona ba ta yi ba. Armaya'u ya ce to shi ba shi da zaɓi, akwai mai son kayan a Safana, gobe da safe zai zo ya kwance. Aka shafa fatiha aka watse.

Washegari na riga Armaya'u zuwa. Na tarar da Zuwairatu a tsakar gida ta buɗe buhun dawa tana kallon abin da ya rage, wanda bai kai rabi ba. Yaran suna shirin makaranta shiru, don sun ji komai. Na yi niyyar in sake yi mata faɗa, amma da na ga fuskarta sai na fasa. Ba ta yi barci ba, kuma ba kuka ta yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Armaya'u ya yi sallama, ya jingina tsani a bango, ya hau da sifana a aljihu. Matan unguwa da suka saba zuwa kallo suka fara taruwa a ƙofofin gidajensu, suna leƙe, wasu suna magana ƙasa-ƙasa. Ga shi dai ana kwance mata kaya a gaban mutane, kuma ba don an kasa biya ba, don tun farko ba nata ba ne. Muna jin ƙarar ƙarfe daga rufi, ya kwance ƙusa ta farko ya jefo ƙasa.

Zuwairatu ta tashi ta ja mayafinta, ta je ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki, iyakar inda mai takaba za ta iya kaiwa. Ta kalli yaran da ke tsaye da jakunkunansu, ta kalli talabijin ɗin.

"Armaya'u."

"Na'am, Maman Ni'ima."

"Nawa ne a mako?"

Ƙarar ƙarfen ta tsaya. Ya faɗa mata daga saman, kuma ya ce zai rage mata wani abu saboda marayu. Ta ce kada ya rage, yadda marigayi ke biya haka za ta biya, da na makonnin da suka wuce, sai dai ya yi mata haƙuri a kan waɗannan ta riƙa cikawa a hankali. Ta ce da sunanta za a yi, ba da sunan kowa ba, kuma a gaban shaidu, Malam ya ji, ni ma in ji. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ina tsaye a bayanta, na ga yadda ta riƙe ƙyauren har jijiyoyin hannunta suka fito. Ni da na san ta tun tana rarrafe, ban taɓa zaton zan ji wannan tambayar daga bakinta ba, kuma maimakon in ji daɗi sai hawaye suka zubo mini.

Armaya'u ya sauko ya tsinci ƙusar a ƙasa, ya sake hawa ya ɗaure.

Yanzu mijina ne ke zama a bakin zaure da yamma, mata kuma sun dawo da rana kamar da. Duk Alhamis ni nake kai kuɗin shagon Armaya'u, don ita ko bayan ta fita takaba ba ta taɓa yarda ta bi ta wannan layin ba. Makon da kasuwa ta yi kyau a samu rara, makon da ba ta yi ba kuɗin awara ne ke cikawa. Ba ta ƙara cewa komai a kan Mati ba, alheri ko akasinsa, sai addu'a idan an ambace shi. Kwanan baya na shiga na tarar da autarta ta hau benci tana goge talabijin da tsumma, tana dannawa da ƙarfi irin na yara. Zuwairatu ta ɗago daga kaskon awara ta ce, "Bi a hankali, ke. Kayan mutane ne."